Kilo Huɗu

Buhu goma sha ɗaya na aya na sayar,
ta gonar Gazawa da Baba ya bari,
na ƙara da kwasar adashi,
duk don ƙafafu biyu.
Ba na mutum ba, na moto.

Wata biyu suna bisa hanya.
Ranar da suka iso Maraɗi cikin kwali,
an naɗe su da soso kamar ƙwan zabi,
baƙaƙe, masu siraran hannuwa biyar-biyar,
na ɗaga ta gaba da yatsa biyu
sai gabana ya faɗi:
kuɗi mai nauyi haka
ya sayo abin da iska za ta iya ɗauka?

Barmu, a garejinsa na Sabon Gari,
gindin dogonyaron da ya ƙoshi da baƙin mai,
bai ce uffan ba.
Ya ɗora jar moto kan kututture,
ya kwance sarƙa, ya zare birki,
ya jera notuna cikin murfin kwano
yadda mai talla ke jera goro,
sannan ya aiki yaro wurin Nomau mahauci
a aro sikeli.

Tsofaffin, sha uku.
Sababbin, tara.

Barmu ya dubi allura, ya dubi tumbina.
“Azumi ɗaya,” ya ce,
“da ka sauke wannan kyauta.”
Yaran gareji har da faɗuwa kan tayoyi.
Sai da dariya ta lafa
ya ƙara, yana shafa wa boris man giris:
“Amma nauyi mai juyawa daban,
nauyi mai zama daban.
Tambayi yaron da ke wulwula majajjawa.”

Bayan la'asar na kama hanyar Madarunfa.
Na murɗa totur,
ta amsa tun ban gama tambaya ba.
Da can, a kwana, sai na lallashe ta,
in danne ta da kafaɗa kamar san huɗa mai gardama.
Yau niyya kawai na yi, ta kwanta.
Na taɓa birki, ta ce to.
Gero na wucewa dama da hagu kamar kore ɗaya,
riga ta cika da iska,
ni da na haura arba'in
ina ihu cikin hular kwano, babu mai ji.

A dawowa, gab da Jiratawa,
ramin da damina ta haƙa yana jirana.
Ƙwal!
Ban faɗi ba. Na tsaya, na durƙusa, na shafa:
leɓen ƙafar gaba ya lotsa,
faɗin farce, ba ƙari.

“Ƙarfe ne, in daka shi ya dawo,” in ji Barmu.
“Wannan ɗan gata ne,
guduma ba ta yi masa magana.”
Kwana uku yana gasa shi da ɗumi,
yana matsawa sannu, kamar mai ɗori.

Yanzu na haddace ramukan garin nan.
Na san na bakin tasha, na san na Ali Ɗan Tsoho,
na san wanda ke ɓuya cikin ruwa bayan kasuwa.
Gudu na saya,
aka ba ni gyaran kallon ƙasa.

Tsofaffin kuwa, Ɗan Jimo mai ga-ruwa ya saye,
jika shida, biya biyu,
aka yi musu walda a gindin kura.
Da safe muna haɗuwa a kwanar famfo,
jarka goma sha biyu a kansu, ko ƙara babu.
Suna faɗa rami, suna fita,
ruwa na tsalle bisa murafu.
Nakan rage wuta in ba su hanya.
Shekara bakwai suka ɗauke ni,
ban taɓa auna su ba sai ranar sallama.