Tsakanin Aboabo da Nima

Ƙarfe tara na dare Rahinatu ta kira daga Nima.
Kwamfutarta ta rikice,
tana ta maimaita kalma ɗaya kamar aku,
ga takardar neman aiki, gobe a rufe karɓa.
Wata bakwai ke nan da idonta ya tafi.
Ni nawa tun ina goye.

Na ce ta faɗo mini lambar mabuɗi.
Ta faɗa, ta kuskure, ta sake.
Na buga. Wata 'yar ƙara ta taɓa mini kunne,
sai ga ni cikin ɗakin da ban taɓa taka ƙofarsa ba,
alhali ina zaune a Aboabo,
ƙafata kan buhun gawayin Inna.

Mutane sun ɗauka murya ce ke tafiya.
Ina! Murya kaya ce mai nauyi,
in aka ɗora ta kan waya a tsinke take isowa,
rabi ya zube a Nkawkaw.
Kalmomi tsirara ake aikowa,
ba maƙogwaro, ba numfashi.
Sai sun sauka Kumasi na'urata ke ba su baki,
bakin nan da na saba da shi shekara goma sha ɗaya,
mai gudu kamar yaron mota yana kiran fasinja a Kejetia.
Nata bakin a hankali yake,
tana tsintar haruffa ɗai-ɗai kamar tsakuwa cikin wake.

Na danna, na kasa kunne.
Haka ake da rijiya:
ka saki guga, ka jira ƙarar ruwa,
jiran ne ke gaya maka zurfi.
Daren nan Accra ta yi zurfi.
Yatsana ya riga ya tafi Nima,
amsa na hanya tana jan ƙafa.
Mai garaje ya danna sau biyu
ya goge abin da bai ji ba.

Ta wayar da ke maƙale a kafaɗata
ina jin kwamfutarta na faɗin "suna",
numfashi guda, tawa ta ce "suna".
Tsakanin sunan nan biyu
akwai dajin da mota ke ci awa biyar.

Can sai ruwa ya goce a kan kwanon rufinmu.
Shiru.
Ba shirun ɗaki ba, wannan na san shi, yana da bango.
Wannan shirun ba shi da gefe.
Ban san ko taga a buɗe take can ba,
ko yatsana na kan "ajiye" ko kan "share".
Na ɗauke hannuwana, na zauna a kansu.
Rahinatu ta ce, "Kina nan?"
Na ce ina nan, ita ce dai ba ta nan.

Da layi ya dawo, kalmomin da suka taru a hanya
suka kwararo mini a tare, suna taka juna,
kamar mata sun ji famfo ya kawo ruwa.
Na tsawatar musu da maɓalli ɗaya.
Ashe wani ɗan akwati ne ya tsaya mata a gaba,
yana tambaya, ba wanda ya amsa.
Na rufe shi.

Ta ce, "To ki cike mini, ke kin fi sauri."
Na ce a'a. Sa hannu.
Na saki igiyar, na bar kunne kawai.
Ra. Hi. Ta tsaya.
Na ji ta goge, ta koma.
Inna ta turo mini koko ya huce a gefena.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata tata ta ce "an aika".
Ta yi guɗa har maƙwabta suka buga bango.
Ni ina nan ina jira,
sai da ta gama murna
tawa ta ba ni labari.