Gandun Don Evaristo

A bakin kogin Paraná, bayan rumbunan alkama,
akwai wani fili mai sanƙo a tsaka.
Nan Don Evaristo ke rainon ƙafafu,
shekara talatin da ɗaya, usur ɗaya.

Nahuel ya zo masa yana ɗan tara,
da takalmin wansa, an cusa jarida a ciki.
Tsoho bai tambayi kuɗi ba.
Ya ce, "Da hagu. Sake. Sake dai."

Can sama manyan kulob suna cinikin suna:
ɗan gaba daga ƙetaren teku, albashi buhu-buhu.
Ya ci biyu, ya sumbaci riga,
kafin sanyi ya shigo ya ɗaure jakarsa.
Kayan aro ba ya rufe katara.

Da bashi ya kai wuya,
benci ya yi fayau,
sai aka tuna da bayan gida.

Minti tamanin da bakwai,
ƙafar hagun nan ta yi magana.
Griselda, uwarsa, ta saki kwandon burodinta,
unguwa ta ɗauka.

Don Evaristo ihun kawai ya jiyo.
Yana durƙushe a tsohon filin,
yana ɗaure wa wani ɗan bakwai
igiyar takalmi.