Gwaggo da Ruwa-Biyu

Tun asuba na baro Agege,
ga shi hantsi ya dubi ludayi
ina kan doguwar gada, ko rabinta ban ci ba.
Gwaggo na nishi a ƙarƙashina,
haka nake kiran motata, shekararta goma sha tara.
A tsaye take, amma tana sha.
Abin da ke ci min rai ke nan:
tafiya babu, allurar mai kuwa sai sunkuyawa take
kamar wadda ta hango mai bin ta bashi.

A layin dama ga motar Mamuda ɗan canji,
haibirid suke ce mata, ni na sa mata ruwa-biyu.
Ba tari, ba hayaƙi, ko kyarma ba ta yi.
Na leƙo: "Ta mutu ne, in zo in tura?"
Ya yi dariya har hula ta karkace.
"Gyangyaɗi take, Tanimu, layi na motsawa za ta farka.
Taka ce ke biyan kuɗin tsayuwa."

Da daddare Ladidi ta jawo takardar kuɗin wuta,
ta juya bayanta, ta ɗauki biro.
Lita kaza a mako, sau huɗu, sau sha biyu.
Ta ja layi biyu a ƙarƙashin jimla, ta turo min.
"Ga kuɗin makarantar Sagir nan,
kana ƙona shi tsakanin Oshodi da Obalende."
Ban ce uffan ba.
Wa zai ja da lissafin mai shago?

Washegari sai gindin mangwaro, wurin Kamoru,
wanda ya san Gwaggo ciki da bai,
da kunne yake gane ciwonta tun ban kashe ta ba.
Ya goge hannu da tsumma ya ce,
"Oga, wannan da sifana da guntun waya nake tashin ta.
Waccan sai kwamfuta ta yi mata tambayoyi.
Ran da batirinta ya gaza, ka je Ladipo ka ji farashi,
amma ka nemi benci ka zauna kafin a faɗa maka.
Ga damina tafe.
In ruwa ya kai gwiwa a Iyana Ipaja,
za ka kutsa da lantarki a ƙarƙashin kujera?"
Na san akwai tuwonsa a cikin maganar,
sai dai mai kare tuwonsa ma yakan faɗi gaskiya.

Ran Asabar Mamuda ya ce in ɗana.
Ba a ma murɗa makulli, dannawa ake.
Na hau gadar nan dai. Layi ya tsaya.
Ita ma ta yi tsit.
Gabana ya faɗi, hannuna ya tafi lalube,
zan sake tayar da abin da bai mutu ba.
Sai na ji abin da shekara tara ban ji ba a nan:
ruwa na marin ƙafafun gada,
wani masunci daga Makoko na ƙwala wa ɗan'uwansa kira,
sauyin kuɗi na kacau-kacau a aljihun mai tallan ruwa,
da numfashina.

Na dawo na tarar da Gwaggo a ƙofar gida,
ta ɗiga ɗan baƙin mai a siminti kamar kullum.
Ita ta kai Ladidi asibiti daren da aka haifi Sagir,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba.
Wannan ba ya cikin lissafi,
ba a bar masa gurbi a bayan takardar ba.

Takardar na nan a aljihuna, ta fara yagewa ta wurin ninki.
Dillali ya kira sau biyu.
Na ce masa sai bayan damina.
Gobe Litinin.
Rabin tanki zai kai ni Laraba,
in gada ta yarda.