Maganin Gidan Sarauta

Akwatin katako ne, bai fi tafin hannu biyu ba.
Baba ya samo shi a Kakuri
tun masaƙa na kuka dare da rana,
kafin injuna su yi gum, ciyawa ta haye su.
Wani Ba'indiye mai gyaran injin saƙa
ya bar masa ranar da zai koma gida:
kwalabe talatin da shida, kowace kamar ɗan yatsa,
cike da fararen ƙwayoyi, girman gero.

"Homiyofati," in ji shi, yana jan sunan
kamar mai karanta wasiƙar nesa.
"Ke Talatuwa, ki san da wa kike gardama.
Gidan sarautar Ingila, kaka da jika,
sun sha wannan, sun ba shi inuwa.
Mai likitocin duniya a ƙofar ɗaki
zai haɗiyi banza ne?"

Ni kuwa haɗa magani na karanta,
na san labarin tun daga saiwa.
Wani likitan Jamus, yau shekara ɗari biyu da ɗoriya,
ya gaji da ganin ana tsage majiyyaci,
ana zubar da jininsa har ya galabaita.
Ya ce abin da ke kawo ciwo shi zai kore shi,
in dai an sirka shi.
Ɗigo ɗaya cikin ɗari, a girgiza,
a ɗebi ɗigo, a sake, a sake, a sake.

Na ce, "Baba, kamar ka tsaya bisa gadar Kaduna
ka jefa ƙwayar gishiri ɗaya,
ka bi kogin har inda ya haɗu da Kwara,
ka kamfata, ka ce miya ta ji."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ban ƙi ba, a zamanin da magani ke kisa
wanda ya ba ka ruwa zalla ya yi maka rana.
Amma in sarki ya ce baƙi, fada ta ce ƙirin,
kuma shi, in ruwan bai yi ba,
akwai asibiti a bayan labule.
Kai fa, Baba,
da kuɗin sallamarka suka maƙale shekara da shekaru?

Duk wata nakan kawo na hawan jini,
in ajiye a bakin taga.
"Bar shi nan," ba ya ko kallo.

Bayan la'asar mutanen Makera kan zo.
Mama Kyauta da gwiwarta,
Iliya direba da barcin da ya ƙaurace masa.
Ya shimfiɗa tabarma, ya yi ta tambaya:
ta wane gefe kake kwanciya?
Tsami kake marmari ko gishiri?
Yaushe rabonka da ɗanka?
Sa'a guda cur, bai karɓi ko kwabo ba.
Ni a tagar asibiti minti biyu nake ba mutum,
sau da yawa hannunsa kawai nake gani.

Da daminar bara ya tafi,
cikin barci, ruwa na dukan kwano.

Bayan arba'in na buɗe akwatin.
Ƙarƙashin ƙyallen da ya shimfiɗa a ciki
ga fankon maganina, an ninke su tsaf,
wata bayan wata, babu ƙwayar da ta rage.
Bai taɓa faɗa mini ba.
Na zauna a ƙasa, na daɗe.

Kwalba ɗaya murfinta ya tsage.
Tururuwa sun ja layi tun daga bango,
kowace ta ɗauki farar ƙwaya a ka.
Su ba su san Ingila ba,
ba su san sarki ba,
sukari suka ji.

Ban kore su ba.
Na bar musu akwatin a buɗe
har aka kira magariba.