Baƙar Waya

Biyar da kwata na asuba, Sheffield,
yayyafi na sauka kamar wanda aka sa dole.
Na murɗa makulli. Fitilar gaba ta buɗe ido,
ta dube ni, ta lumshe.
Na danna sitata: ƙyat.
Na sake dannawa: ƙyat.
Iyakar gaisuwar babur ɗin ke nan,
alhali ƙarfe shida ake jirana a gidan kula da tsofaffi,
inda Mista Hollis ba ya miƙa haɓarsa ga rezar kowa sai tawa.

Na cire safar hannu da haƙori.
Na kwance murfin batir,
noti biyu a aljihu,
na ukun ya gangara ƙarƙashin motar maƙwabta.
Allah ya jiƙan Sallau mai gyaran waya na bakin tashar Funtuwa,
shekara biyu ina riƙe masa tocila.
Cewa yake: Tanimu, kada ka tuhumi babba
ba ka tambayi ƙarami ba.

To, ƙarami: fiyus.
Na zaro shi, na ɗaga shi ga fitilar titi.
Zaren cikinsa lafiya lau.
Na mayar da shi, na ba shi haƙuri.
Batir kuma: ja kan ja, baƙi kan baƙi,
mita ta ce sha biyu da ɗigo shida.
Ashe rumbu cike yake,
gidan ne ke kwana da yunwa.

Na matse birki, jar fitilar baya ta kama a raunane.
Na danna ham,
ya yi kukan ɗan akuya mai mura.
Wutar na fitowa ke nan,
a hanya wani ke tare ta yana karɓar kuɗin shinge.

Taga ta buɗe a bene.
Misis Pickering, gashi a birkice, ta ce ko ta kira mini tasi?
Na ce a'a, na gode, minti biyar.
Ƙarya nake, ita ma ta sani.

Na durƙusa a kan kwalta, gwiwa cikin ruwa,
ina bin wayoyi da yatsun da ba na jin su,
kamar mai laluben silifa a ƙofar masallaci an ɗauke wuta.
Ja ta tafi inda aka aike ta.
Rawaya ba ruwanta.
Sai can ƙasan matakin ƙafa,
inda baƙar waya ke cizon ƙarfen jikin babur,
na taɓo wani ɓawo, kore-kore, fari-fari,
yana marmashewa kamar tsohuwar kanwa.

Gishiri.
Wanda motocin hukuma ke watsa wa titi don ƙanƙara.
Tun Disamba yake cin wayar nan a ɓoye,
ni kuwa kullum fitila nake gogewa.

Sallau ba ya ɗaga murya idan ya zo nan.
Yakan ce: kowa jar waya yake kallo,
don ita ke kai wuta.
Amma wuta ba ta yin aiki
sai ta tabbata akwai hanyar komawa gida.

Ba ni da samfefa.
Misis Pickering ta jefo mini abin goge farcenta.
Na kankare, na hura, na kankare,
har jan ƙarfen ya fito fes kamar sabon kwabo.
Sifana mai lamba goma, juyi uku da rabi,
ɗan basilin ɗin leɓena a kai.

Bismillah.
Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama,
hayaƙi ya tashi fari cikin yayyafi,
aka rufe taga a bene.

A danjar Attercliffe na tsaya, ja ta daɗe.
Waya a aljihun ƙirji, tana ɗauke da kiran Yaya Indo uku
tun ranar Laraba, ban mayar ba.
Kore ta kama.

Shida da minti goma na shiga.
Mista Hollis ya riga ya shafa sabulu, har a kunne,
ya dubi baƙin mai a farcena, bai ce komai ba,
ya ɗaga haɓa.
Notin nan na uku yana can ƙarƙashin mota har yanzu.