Rigar Ruwa a Ƙofar Wambai

Keke ke kai ni gyaran keke:
guda ina kansa, mai taya biyu,
sauran na ɗinki, suna jira a Wudil da Gaya,
jakar sifana ɗaure a kariya.

Bara marka ta tare ni a Makole
ina cikin ledar naira ɗari biyar.
Sama ba ta taɓa ni ba, wallahi,
amma na isa gada sharkaf.
Gumina ne ya yi mini damina daga ciki.
Kwana tara ina tari.

Shi ya sa yau na zo Ƙofar Wambai
tun hadari bai gama shawara a gabas ba.
Ɗanliti ya kwance dila,
warin kafur da doguwar tafiya ya tashi.
“Ga baƙa, ta manya, kamar an auna ka.”
Na ce a’a.
Baƙa da magariba,
direban tirela ba ya ganin ta sai ya ji ta.

Ya miƙo wata mai nauyin tamfol.
Na ɗaga, kafaɗata ta ce kai,
wannan ta maigadi ce, mai tsayuwa wuri guda.
Mai taka feda sai rigar da ke numfashi.

Ta ukun na juya cikinta waje.
Sana’ata ce, na sani:
allura ba ta wucewa ba ta bar ƙofa ba,
ruwa kuwa ya san kowace ƙofa.
Wannan an bi ɗinkinta da liƙi
tun daga wuya har hammata,
zif ɗinta da marfi,
bayanta ya ɗara gabanta tsawo
saboda taɓon da tayar baya ke tofa wa mutum.
Launinta ruwan ɗorawa, mai ihu tun daga nesa.

“Ara mini butarka.”
Na tuttula a hannun riga.
Ruwan ya dunƙule, ya gangara
kamar a ganyen gwaza.

Ɗanliti ya ce albarka sau uku,
na juya baya sau biyu,
muka haɗu inda kowa ke ƙorafi.
Ya ɗora mini wando gyara,
ƙafarsa buhu, sarƙa za ta ci,
amma ina da robar tsohon tub.

Babana, Allah ya jiƙansa,
buhun taki ya huda wuri uku,
ya je Ringim ya dawo a ciki.
Da zai gan ni ina shafa riga
kamar mai taya doki,
da ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Sai dai shi ma
sanyin ƙirji ne ya tafi da shi.

Yayyafi ya fara ƙwanƙwasa kwano.
’Yan kasuwa na jan leda, ana kiran yara,
masu adaidaita na sauke labule.
Na zura ta, na ja zif har haɓa,
na bi ta Ƙofar Mata, na miƙe Hotoro.

Wajen Mariri sama ta ɓalle gaba ɗaya.
Wani ɗigo ya sami hanya ta ƙeya,
ya gangara gadon bayana, sanyi ƙalau.
Na ce bismillah, shigo,
tunda kai kaɗai ne.