Kwalekwalen Bahago

Na sayar da tinkiya biyu ranar kasuwar Lagdo,
na ƙulle sefa a bakin tsohon zanen Hansai,
na gangara gaɓa inda Alifa ke sassaƙa.
Ƙamshin maɗaci da kwalta ya tarye ni tun daga nesa.

Uku ya kife a kan yashi.
Na farko ya sha shuɗin fenti har wuya,
na ƙwanƙwasa cikinsa da ƙashin yatsa,
ya amsa da muryar gangar da ta fashe.
Baba ya sha faɗa mini:
katakon da ya cika surutu,
gara ta riga ka shiga.

Na biyu dogo ne, ɗan gidan inji,
yana son fetur, yana son ƙarti huɗu.
Ni kuwa ni kaɗai ne, sai gwiwa mai ciwo,
sai filafilin da Baba ya bari a rataye,
hannunsa ya yi santsi don gumi.

Na ukun ba wanda ya taya.
Gajere, mai faɗin ciki, hanci da tabo.
Alifa ya tofar da goro ya ce,
"Ba zan cuce ka ba, Sallau, wannan yana da hali:
in ya hau ruwa, hagu yake karkata."
Na yi dariya har balbelu suka tashi.
Ni da aka yi ta bugun hannuna a bakin akushi
shekara bakwai, ban koma dama ba!

Muka ja ciniki, albarka, albarka,
har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa.
Na ce sai ya kwana a ruwa tukuna.
Da asuba na zo da ƙoƙo:
kwalfa uku, ya bushe.
Na biya.

Kwana shida ina yi masa sutura.
Auduga a kowace tsaga, da bakin wuƙa,
kwalta mai zafi a bisa, har ta ƙone mini babban yatsa.
Na kafa katakon zama can baya, ɗan dama kaɗan,
don nauyina ya yi sulhu da halinsa.
Hansai ta ba ni ɗan dutsen niƙanta da ya ɓalle,
na ɗaure shi da igiya gaba goma sha biyar,
shi zai riƙe ni in iska ta taso daga duwatsu.
Silifan Talle da suka tsinke
na yanka su gunduwa-gunduwa, su ɗaga mini kalli,
darma a ƙasa, robar 'yata a sama.
Mamari mai ƙugiya ɗari biyu na naɗe a kwando,
kowace na soke bakinta a ɓawon rama.
Gora don wurin da ba zurfi,
rabin jarka don kwalfa,
fitila a hanci, kada dorina ta ce ban yi sallama ba.

Talle ta so a rubuta masa suna.
Ta ɗauki gawayi, ta yi ta tunani,
sai ta zana kifi mai ƙafafu.
Na bar shi haka.

Daren farko na bi ta kan itatuwan
da ruwa ya binne a tsaye,
rassansu na shafar cikinsa kamar masu tambaya.
Can ƙasa, in ji Baba, akwai tsamiya
da ya taɓa ɗaure jaki a gindinta.
Na sassauta hannu da na zo wurin.

Karfasa huɗu, tarwaɗa ɗaya,
giwan ruwa ko ƙamshinsa ban ji ba.
Amma da na juyo gida, hasken asuba a bayana,
ya karkata hagu, na tuƙa hagu,
sai ga mu a miƙe
kamar zaren da Hansai ta ja daga mazari.